Kwamfuta da Jarrabawar Ilmin Ƙididdiga

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kusan duk ɗalibin da ya sami gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ya riga ya saba da amsa tambaya ta hanyar danna ɗaya daga cikin amsoshi huɗu, har ta kai wasu na ganin babu fannin da ba za a iya auna shi haka ba. A ganina, ilmin ƙididdiga yana buƙatar a yi hattara.

Alherin na'urar ba a ɓoye yake ba. Manhajoji irin su STACK da Numbas suna iya ba kowane ɗalibi tambaya iri ɗaya da alƙaluma dabam, ta yadda leƙen takardar maƙwabci ba ya amfanar da kome, sa'an nan su duba amsa nan take, su nuna inda aka kauce, alhali malamin da ke da ɗaruruwan ɗalibai sai ya yi makonni bai gama duba takardunsu ba.

Amma malaman hadisi sun daɗe da rarrabewa tsakanin riwaya, wato isar da nassi yadda aka karɓo shi, da diraya, wato fahimtarsa, kuma ƙididdiga ma haka take. Alal misali, a ce ɗalibi ya shiga kasuwar Kurfi da kaka, sa'ad da hatsi ya yi araha, ya tambayi farashin tiyar gero wurin mutum goma da ke rumfa ɗaya, ya fitar da matsakaici, ya yanke hukunci cewa haka farashin yake a Jihar Katsina duk shekara. Lalle kwamfuta za ta ba shi cikakken maki, domin lissafinsa daidai ne, ko da yake hukuncinsa ɓatacce ne tun daga tushe. Wannan aibi sai malamin da ya karanta hujjarsa, ya kuma yi masa tambaya baki da baki, shi zai gano shi.

Saboda haka ina kira ga malaman jami'o'inmu da su bar wa kwamfuta bitar mako-mako da aikin lissafi, amma hukuncin ƙarshe ya tsaya a kan rahoton da ɗalibi ya tattaro alƙalumansa da kansa, ya rubuta, ya kuma kare a gaban malaminsa.