Akwatin Sifana a Ƙasar Rairayi

Wanda ke da babur, ko tsohuwar Hilux, ko injin ban ruwa a Kumagannam ta ƙaramar hukumar Yusufari, ya san gareji ba a ƙofar gida yake ba. Manyan makanikai da shagunan kayan gyara suna Gashuwa da Nguru, kuma tsakaninsu da ƙauyukan arewa akwai rairayin da ke shiga injin ta kowace kafa. Shi ya sa magidanci mai lura yakan ware lungu a zaure ko ƙarƙashin rumfa ya ajiye akwatin ƙarfe. Abin da ke cikin akwatin nan ba a rana ɗaya ake sayensa ba, kuma yadda ake tara shi ilimi ne mai zaman kansa.

Gwani ba ya fara zuwa kasuwa. Gaban injinsa yake fara durƙusawa, ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya. Lambar da ke jikin sifana faɗin kan noti ce, galibi da milimita, kuma kowace ƙasa da al'adarta. Motocin Japan da baburan da aka ƙera a kan tsarinsu sun fi amfani da 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Na Turai, irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, suna yawan neman 13 a inda Toyota ke neman 12. Tsohuwar Land Rover ta Ingila kuwa da inci ake auna notunanta, rabin inci kuma milimita 12.7 ne. Sifana 13 za ta zauna a kan notin rabin inci kamar ta dace, amma da ɗan sako-sako, kuma wannan ɗan sako-sakon ne ke cinye kusurwar noti idan aka matsa da ƙarfi. Mai babur da ya san haka ba zai zuba kuɗi a jerin sifana ashirin masu sheƙi ba. Guda biyar ko shida zai nema, ya sayi lamba 10 har biyu, don ita ce mai yawan aiki kuma ita ce mai yawan ɓata.

A kasuwa, ko a Nguru ne ko a Ƙofar Ruwa ta Kano inda 'yan gwanjo ke baje ƙarafa a ƙasa, za ka gane shi da noti a aljihu. Yakan tsugunna, ya ɗauki sifana, ya fara jin nauyinta a tafin hannu. Sai ya goge jikinta da yatsa ya nemi tambarin Cr-V, alamar ƙarfen da aka gauraya da sinadaran kurom da banadiyom don ya jure murɗa ba tare da ya buɗe baki ba. Tambari kaɗai ba ya gamsar da shi, don jabu ma tana ɗauke da shi. Notin nan yake fitarwa ya sa a bakin sifanar, ya girgiza. Idan ya ji wasa, ya ajiye. Ya ɗaga ta wajen haske ya duba ko leɓɓan biyu suna tafiya daidai, ko ɗaya ya baje, ko akwai siririn tsagi a wuya. Mai kaya ya ce, "Alhaji, ga sabuwa fil a leda." Shi kuma ya ce, "Bar ta, Malam, miƙo min waccan baƙar." Sau da yawa baƙar tsohuwar Gedore ce ko Elora, ƙirar garin Remscheid na Jamus, wadda ta yi shekaru a hannun wani kuma bakinta bai motsa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Siffar sifanar ma abin tsayawa a duba ce. Mai buɗaɗɗen baki tana kama noti ta gefe biyu kacal. Mai zobe, wadda makanikai ke kira ring, tana rungumar kusurwoyi shida gaba ɗaya, don haka da ita ake karya taurin noti, sannan a ƙarasa kwancewa da mai baki saboda sauri. Kan mai bakin kuma a ɗan karkace yake da digiri 15, ba kuskuren maƙeri ba ne. A matsatsin wuri, inda hannu ba ya samun filin juyawa, ana murɗawa kaɗan, a zare, a kifa ta ɗaya fuskar, sai ta sake samun kamu. Mutumin da ya iya wannan kifawar yakan fitar da noti daga bayan kafireta ba tare da ya kwance komai ba.

Ga notin da tsatsa da ƙura suka riƙe. Mai gaggawa filaya yake rarumowa, ya datse, ya murɗe, kan notin ya zama mulmulalle, gobe kuma sai an ɗora babur a mota zuwa Gashuwa. Gwani sai ya share zaren da burushin waya, ya ɗiga kalanzir ko baƙin mai, ya ba shi lokaci ya ratsa. Ya ɗan ƙwanƙwasa kan da guduma. Ya zaunar da ring har ƙasa, ya ja ta zuwa jikinsa maimakon turawa, don idan ta kuɓuce kada yatsunsa su daki ƙarfe. Wani lokaci ma yakan fara ɗan ƙara ɗaurewa kafin ya kwance, tsatsar ta saki. Wajen mayar da fulogi kuma da yatsu yake fara murɗawa har ya zauna, sai daga ƙarshe ya kawo sifanar fulogi, domin kan injin na alminiyom ne, mai laushi, zarensa in ya lalace gyaran ya fi ƙarfin gida.

Sauran kayan a hankali suke zuwa, kowanne bayan buƙatarsa ta nuna kanta: sukundireba mai faɗi da mai tauraro, filaya, ƙarfen cire taya, faci da famfo, jak. A wannan ƙasa jak ba ya tafiya sai da guntun katako mai kauri, in ba haka ba nutsewa zai yi cikin rairayi mota tana nan inda take.

Bayan aiki akwai wani aikin. Ba a ajiye sifana a ƙasa, rairayi na haɗiye lamba 10 cikin ƙiftawar ido, saboda haka buhu ake shimfiɗawa tun kafin a fara. Idan an gama, a goge kowace da tsumma mai ɗan mai, a jera su bisa lamba, gurbin da ya rage babu komai ya nuna wadda ta ɓace tun ana wurin. Wadda maƙwabci ya ara, yaron gida ake aikawa ya karɓo kafin magariba. Ko wadda ta karye ba ta zuwa bola: akan kai ta wurin mai walda ya lanƙwasa wuyanta ko ya rage kaurinta, ta koma sifanar noti ɗaya tak da ke ɓoye a ƙarƙashin injin ban ruwa, wanda babu wata ta kasuwa da ke isa gare shi.