Sarauniyar Lugu a tufafin aro

Littafin "Sarraounia" na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, ya yi aikin da lakwal ta ƙi yi shekara da shekaru. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, Birnin Ƙonni na cikinsu. Takardun Nasara sun ambaci Sarauniyar Lugu a taƙaice, kamar ƙaya a bakin hanya. Mamani, ɗan Sawaba da ya ɗanɗana gudun hijira da kurkuku, ya juya labarin: wadda aka raina ta zama ginshiƙi, masu kiran kansu wayayyu suka bayyana a matsayin mahaukatan jini. Wannan yabo ne da ba mai ƙwace masa.

Amma akwai abin dubawa. A bakin mutanen Lugu, Sarauniya muƙami ne na addinin Azna da ake gada, kuma ƙarfinta yana ga asiri da tsafi. Mamani ya miƙa mata baka da kwari, ya sa mata a baki jawaban ƴanci irin na ƴan siyasar zamaninsa. Jarumar da ta fito ta fi kama da gwarzayen da littattafan tarihin Faransa suke koya wa yara, irin su Jeanne d'Arc. Ke nan an kori Nasara daga labarin, amma mudun da aka auna jarunta da shi nasa ne.

Harshe ma haka. Da Faransanci aka rubuta littafin. Fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma Sarauniyarsa ba Hausa take yi ba. Jikokinta sai da tafinta suke jin ta.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Doka kaɗai ba ta raba ƙwaƙwalwa da mudun aro. Aikin yana wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu: su karantar da Mamani, sannan su aika ɗalibai wurin tsofaffin ƙasar Arewa su rubuto abin da suka ji da Hausa, a ajiye ruwayoyin biyu gefe da gefe a gaban aji, a bar yara su yi hukunci.