Man Ayu Ya Yi Yawa a Kasuwa, Ayu Ya Yi Ƙaranci a Ruwa

Da la'asar a Ƙofar Gayan da ke Zariya, mai tallar magani kan buɗe bayan motarsa, ya kunna lasifika, ya jera kwalabe. Cikinsu da wuya a rasa wadda aka rubuta wa "man ayu". A da, sai mace ta yi raɗa kafin mai kayan mata ta fito mata da shi daga ƙasan jaka. Yau ga shi a Facebook da TikTok, har da sabulu da turarensa, ana aikawa Kano da Maraɗi.

Sai dai Zariya ba ta da ayu. Dabbar ruwa ce mai shayarwa, mai cin ciyawa, da ke zaune a kogunan Binuwai da Neja da tafkin Pandam na jihar Filato. Macen kan ɗauki ciki kusan shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tal, sannan ta jima tana goyo kafin ta sake ɗaukar wani. Dabba mai irin wannan jinkirin haihuwa ba za ta iya cika kantunan Arewa da mai ba.

Ke nan ɗayan biyu ne. In man na gaskiya ne, an kashe dabbar da dokar Najeriya ta 1985 ta hana farautarta, wadda kuma yarjejeniyar CITES ta haramta cinikinta tsakanin ƙasashe a 2013. In na jabu ne, an sayar wa baiwar Allah man gyaɗa da tsadar zinariya. Ko ta ina, sunan maganin gargajiya ne ke ɓaci.

An taɓa ganin ƙarshen irin wannan kwaɗayi. Wani ƙaton ɗan'uwan ayu da Turawa suka gano a tekun Bering a 1741, mafarauta sun ƙarar da shi saboda nama da kitse zuwa 1768, shekara 27 kacal.

Masu magani na asali, waɗanda suka gaji sassaƙe da saiwa daga iyaye da kakanni, su ya kamata su fara tsame hannunsu daga cinikin man ayu, domin bagaruwa ana shuka ta ta sake tsiro, saɓanin ayu. Mata masu saye kuwa, kafin su miƙa kuɗi, su nemi lambar NAFDAC a jikin kwalba, su kuma tambayi mai kaya daga wane kogi aka samo man.