Wa zai riƙe ragamar sufurin jiragen sama? Tsokaci kan horon manyan ma'aikata

A wannan ɗan rubutu muna son mu duba wani ra'ayi da ya yaɗu tsakanin ɗalibanmu, wato wai digiri na biyu a fannin tafiyar da ayyukan gwamnati ya isa ya buɗe wa mutum ƙofar shugabanci a harkar jiragen sama. A ganinmu ra'ayin yana da tushe, amma da gyara.

Tushensa shi ne tarihin Air Afrique. Ƙasashe 11 suka kafa kamfanin a Yawunde a 1961, ya durƙushe a 2002. Ba rashin ƙwararrun matuƙa ne ya kashe shi ba. Bashi ne, da ɗaukar ma'aikata don siyasa, da kuɗin tikitin da gwamnatoci ba su biya ba, sannan karyewar darajar kuɗin sefa a 1994 ta ninka bashin da ake biya da kuɗin waje. Duk waɗannan matsaloli ne na mulki.

To amma harkar sama tana da nata dokoki. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin sa ido kan kamfanoni da filayen jirginta. Jami'in da ya san kasafin kuɗi da dokar kwangila, amma bai iya karanta rahoton binciken lafiyar jirgi ba, zai sa hannu ne kan abin da bai fahimta ba. Haka kuma injiniyan da aka ɗora kan kujerar darakta ba tare da sanin doka ba, yaya zai tattauna kwangilar ba wa ƴan kasuwa filin jirgi, ko ya kare ƙasarsa kan ƙudurin Yamusukuro na 1999 da ya buɗe kasuwar sufurin sama ta Afirka?

Abin lura, ilimin biyu duk suna nan Yamai. Makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi tun 1963, ga kuma makarantar koyon aikin gwamnati da jami'ar Abdu Mumuni.

Shawararmu ita ce a haɗa su cikin digiri guda: ɗalibin mulki ya yi watanni a hasumiyar filin jirgi, injiniya kuma ya zauna ajin doka da kasafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle a aikin da kuskuren sa hannu kan jawo asarar rayuka.