Wa Ke Riƙe da Makullin Ramin? Nazari Kan Labaran Ban Tsoro na Matasa a Ƙarƙashin Ƙasa

A cikin littattafan da ake rubuta wa matasa a Ingila da Amurka akwai wani reshe na labaran ban tsoro wanda babu aljani a cikinsa, babu maye, babu fatalwa. Kayan aikinsa kaɗan ne: ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ƙofar ƙarfe, abincin da ke ƙarewa, da yara 'yan shekara goma sha. Yaran nan kuwa galibi 'ya'yan masu hali ne. Ba a cika jefa ɗan talaka a wannan rami ba, ƙila don marubutan na ganin yunwa da duhu ba baƙinsa ba ne. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba, shi ake so a ga yadda zai kaya.

Da can ba haka lissafin yake ba. A littafin The Time Machine na H. G. Wells, wanda ya fito a 1895, jikokin ma'aikata ne ke zaune a ƙarƙashin ƙasa suna juya injuna, jikokin masu dukiya na sama suna shan iska, da dare kuma na ƙasa su fito su cinye na sama. Tsoron makamin nukiliya ne ya juya abin. A 1961 Shugaba Kennedy ya ƙarfafa wa Amurkawa gwiwar tanadin mafaka, masu kuɗi suka shiga haƙa ɗakuna a bayan gidajensu, har aka yi ta muhawara, da malaman coci a ciki, kan ko ya halatta mutum ya tare ƙofar mafakarsa da bindiga idan maƙwabci ya zo neman shiga. Tun daga nan rami ya zama gata. Wanda ya tsira ya tsira ne don yana da abin biya, kuma ya san waɗanda ya rufe wa ƙofa.

Todd Strasser, wanda mahaifinsa ya gina irin wannan ɗaki, ya mayar da muhawarar labari a Fallout na 2013. Gida ɗaya ne a unguwar ke da mafaka lokacin rikicin makaman Kyuba na 1962, a labarin kuma bam ɗin ya faɗo. Maƙwabta suka kutsa, ɗakin da aka yi wa mutum huɗu ya ɗauki goma. Da ruwa da abinci suka yi ƙaranci sai aka fara lissafin wanda za a fitar, bakin wani maƙwabci kuma bai yi nauyi ba wajen ambaton 'yar aikin gidan, baƙar fata.

Littafin da ya fi tattara laifi da gata da rami wuri guda shi ne The Compound na S. A. Bodeen, na 2008. Eli ɗan hamshaƙin attajiri ne. Yana da shekara tara ubansa ya kwashe iyalin cikin dare zuwa wani katafaren gida da ya gina a ƙarƙashin ƙasa, ya ce an soma yaƙin nukiliya, sai bayan shekara 15 za a buɗe. Aka rufe ƙofa babu kakarsu, babu Eddy, tagwayen Eli. Shekara shida yaron na ɗauke da yaƙinin cewa son kansa ne ya sa aka bar ɗan'uwansa a waje. Ya ƙi yarda kowa ya taɓa shi, ya bar suma ta rufe masa fuska. Wannan ɓangaren Bodeen ta iya shi, domin ta fahimci cewa yaro mai laifi a zuci ba lallai ya zama mai tawali'u ba. Sau da yawa mugun hali yake ƙarawa. Da abinci ya soma lalacewa sai uban ya fito da dabarar da ta sa littafin ya shiga sahun na ban tsoro: ana haihuwar jarirai a wani ɗaki na daban, a matsayin tanadin abinci.

To, sai marubuciyar ta ji tausayin jaruminta. Ashe babu yaƙin da aka yi, uban ne ya shirya ƙarya don ya gwada iyalinsa, Eddy kuma yana nan da ransa. A gani na nan littafin ya yi rauni. An tara laifin duka an ɗora wa mahaukacin uba, ɗan ya fito fes, dukiyar na jiransa. Laifin da Eli ya sha wahalarsa shekara shida ya tashi a banza, mai karatu kuma ya rufe littafi da kwanciyar hankali, ba tare da ya tambayi hannun wa ya haƙa ramin ba, ko ina leburorin suke da a ce yaƙin gaskiya ne.

Wannan ita ce cutar da ke bin reshen nan. Ramin yakan zama wurin wanke ɗan gata: a wahalar da shi na ɗan lokaci, a nuna ya yi kuka, a sake shi. Waɗanda aka bari a waje ba su da baki a labarin. Amfaninsu kawai su zama abin da ke hana jarumi barci.

Mai karatu Bahaushe yana da ma'aunin da zai gwada waɗannan labarai da shi. Mun san hadisin mutum uku da dutse ya toshe wa bakin kogo, kowanne ya roƙi Allah da aikinsa na gari, dutsen na matsawa kaɗan-kaɗan. Na ukunsu mai dukiya ne da ya juya ladan wani ma'aikacinsa har ya zama garke, da mai haƙƙi ya dawo ya miƙa masa duka. A can, abin da ya buɗe kogo haƙƙi ne da aka riga aka mayar wa mai shi. A littattafan nan kuwa mugun aiki ake tonawa, kuma abin tambaya shi ne ko nadama kaɗai, ba tare da an biya kowa komai ba, ta isa ta buɗe ƙofa. Raunanan cikinsu suna cewa ta isa.

After the Hole na Guy Burt, wanda ya rubuta yana ɗan shekara 18 aka buga a 1993, bai ce haka ba. Ɗaliban wata makarantar kwana ta 'ya'yan manya sun yarda a kulle su a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa kwana uku don wasa, wanda ya kulle su bai dawo ba. Labarin daga bakin Liz yake fitowa, kuma ba abin dogara ba ne. Fim ɗin The Hole da aka yi daga littafin a 2001 ya ƙara tsananta abin: Liz ta fito ita kaɗai bayan kwana 18, ta ɗora wa abokinta laifi, alhali makullin na hannunta tun farko. Ta kulle su ne don wani saurayi ya so ta, ta zuba ido har uku suka mutu. A nan ba a ba da labari don neman gafara ba, an ba da shi ne don a ɓatar da sawu, kuma ta ci nasara, saboda ta san irin maganar da manya ke son ji daga bakin yarinya mai tarbiyya.

Kevin Brooks ya bi ta wata hanya a The Bunker Diary na 2013. Linus ɗan shekara 16 ne, ubansa mai kuɗi, amma ya bar gida yana kwana a titunan Landan. Wani mutum da ya yi shigar makaho ya sace shi, ya jefa shi a gidan ƙarƙashin ƙasa mai ɗakuna shida. Ta na'urar hawa da sauka ake ta sauko da sauran: yarinya 'yar shekara tara, mashayi, 'yar kwalisa mai dillancin gidaje, ma'aikacin kamfani, da tsohon masani marar lafiya. Ba a taɓa faɗin dalili ba. Linus ya yi tsammanin kuɗin fansa ake so, ashe arzikin ubansa bai da wani amfani a nan. Waɗanda suka saba ba da umarni su suka fara rushewa, shi kuma abin da ya koya a titi ne ya ɗan riƙe shi. Babu ceto a ƙarshe. Rubutun nasa tsinkewa kawai ya yi. Brooks ya ce ya daɗe ana ƙin buga littafin saboda ya ƙi sassauta ƙarshensa, da ya ci lambar Carnegie a 2014 kuma wasu masu sharhi a jaridun Birtaniya suka ce bai dace da yara ba.

Ƙorafin nasu yana da tushe, domin littafin ya yi wa ɗan shekara goma sha biyu nauyi. Amma ga matashin da ya kai sha shida, na Brooks da na Burt sun fi The Compound gaskiya nesa ba kusa ba, don ba su sayar masa da tunanin cewa ɗan wahala kaɗan na goge haƙƙin wani ba. Iyaye da malaman da za su ba yaro ɗaya daga cikin littattafan nan, su fara karanta shi da kansu, musamman The Bunker Diary.