Jarumin da Ke Mutuwa: Nazarin Wasan NetHack

Wani ɗalibinmu a Ungogo ya ara mana NetHack, wasan kwamfuta na 1987 da masu sha'awa suka ɗora kan 'yar na'urar Nintendo DS. Jarumi yana gangarawa ƙarƙashin ƙasa neman layar Yendor. Kowace shiga hanyoyi sababbi ne, in kuwa ya mutu shi ke nan, sai a koma farko. Namu yunwa ce ta kashe shi.

Aibinsa, jarumin ba shi da baki balle hali, ga ƙananan rubutu masu gajiyar da ido. Amma gabanmu ya faɗi, abin da Ruwan Bagaja bai taɓa yi mana ba, domin Alhaji Imam da bakinsa yake ba da labari, mun san ya dawo gida. 'Yan'uwa marubuta, littattafan soyayyarmu fa? Tun shafin farko mun ɗaura aure.