Gwanaye Sun Taru Wuri Guda, Garuruwa Sun Yi Asara

A kakar 2023 zuwa 2024, ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar Montverde da ke jihar Florida a Amurka ta buga wasa 33, ta ci duka 33. Yaran da kocinsu Kevin Boyle sun cancanci jinjina. Amma duk wanda ya ce mini wannan nasarar wata makarantar sakandare ce, sai in ce masa a sake lale.

Duba inda gwanayen suka fito. Cooper Flagg ɗan Newport ne, wani ƙaramin gari a jihar Maine. Derik Queen daga Baltimore ya zo, Liam McNeeley kuma daga Texas. A zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA na 2025, huɗu daga cikin ƙungiyar aka ɗauka a zagayen farko, Flagg ne na ɗaya. Haka aka yi da 'yan kakar 2019 zuwa 2020, su Cade Cunningham da Scottie Barnes, waɗanda suka ci wasa 25 ba a doke su ba. Tsintar gwanaye ake yi jiha jiha, a tara su a aji ɗaya, a ɗinka musu riga iri ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne garin da aka baro. A 2022, Flagg yana shekararsa ta farko a sakandare, shi da tagwaininsa Ace suka taimaka wa makarantar Nokomis ta ɗauki kofin jihar Maine, karo na farko a tarihinta. Mutanen yankin sun ga 'ya'yansu sun yi abin da ba a taɓa yi ba. Kakar na ƙarewa, tagwayen suka tattara sai Florida. Shekara uku na kallo da alfahari da ya rage wa garin, sai dai a bi su ta waya.

A da, armashin wasan sakandare a Amurka shi ne ƙaramin gari ya kayar da babba. A 1954, makarantar Milan mai ɗalibai 161 ta doke Muncie Central da ci 32 da 30 a wasan ƙarshe na jihar Indiana, Bobby Plump ya jefa ƙwallon nasara ana gab da tashi. Labarin ne ya haifar da fim ɗin Hoosiers a 1986. Yau da Plump zai sake dawowa, da wuya ya kai ajin ƙarshe a Milan ba a zo zawarcinsa ba.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Gwani yana ƙara gogewa in kullum da gwani yake karawa a atisaye. Ga yaran Afirka kuwa, makarantu irin wannan ƙofa ce: Luc Mbah a Moute na Kamaru da Precious Achiuwa na Najeriya duk ta Montverde suka bi kafin su kai NBA. Yaron da ba shi da fili mai kyau ko koci a gida, ba ni da bakin hana shi tafiya.

Amma wanda ke da su fa? Akwai darasin da ba a koya a cikin taron gwanaye: ka ɗauki nauyin abokan da ba su kai ka ba, a tsare ka da mutum biyu, ku sha kashi, gobe ka haɗu da maƙwabta a kanti. LeBron James ya yi shekara huɗu cur a St. Vincent-St. Mary ta garinsu Akron tare da abokan ƙuruciyarsa, suka ci kofin jihar Ohio sau uku, suka rasa sau ɗaya. Hakan bai hana a ɗauke shi na ɗaya a 2003 ba.

Yanzu kuma da bidiyon yaro ke zagaya intanet cikin dare ɗaya, masu farautar 'yan wasa ba sa buƙatar a kai musu shi har gida. Don haka iyaye da kociyoyi su daina tsorata ɗan shekara 15 da cewa in bai bar garinsu ba, ba za a gan shi ba. In yana da koci nagari da abokan karawa, a bar shi ya gama makarantarsa.